Ni da kwanona a ɗaki

Jama'a, yau an yi zaman sulhu a gidanmu saboda ni, alhali ban yi faɗa da kowa ba!

Kun san na dawo hutu daga karatu a Malesiya. Ina shiga gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi bayan la'asar, sai ga falo cike. Har Kawu an taso daga Babban Giji!

Kawu ya ce, "Zauna, Nura. Wa ya ɓata maka rai a gidan nan?"

Na ce, "Ni? Wallahi ba kowa!"

Inna ta ce, "To me ya sa tun da ka dawo, da an zuba abinci sai ka ɗauki kwanonka ka shige ɗaki ka rufo ƙofa? 'Yan'uwanka na kan tabarma suna jiranka."

Na ce, "Inna, ban ma lura ba. A can haka nake ci."

Inna ta zuba mini ido.

Ta ce, "Kai kaɗai? Duk shekarun nan? Kuma kullum a waya ka ce mini lafiya lau?"

Ta goge ido da bakin mayafinta, ta tashi da kanta ta ɗauko babban faranti.

"Je ka wanko hannunka."