Baba Usman da Taswirar Mota

Cikin duk fitar da na yi da direbobinmu, wadda ba ta taɓa barin raina ba ita ce ranar da na zauna a gefen Baba Usman daga unguwar Madinat Nasr zuwa Ma'adi, a nan Alƙahira. Tunda yawancinku sababbi ne, bari in fara da yadda abubuwa suke a lokacin.

Aikin ofishinmu bai canza ba. Marasa lafiya su zo daga gida, mu tarbe su a filin jirgi, mu ba su masauki, mu kai su asibiti, mu yi musu tafinta. Ni karatu ya kawo ni Alƙahira, da na gama sai na zauna, aka ba ni kula da sufuri: wace mota za ta fita, wa zai tuƙa ta, yaushe za a kai ta gyara. Sama da ni akwai manaja, Hajiya Bilki. Babban direbanmu kuwa Baba Usman ne, Bahaushen Sudan da ke zaune a unguwar Arba wa Nus. Tun ban san hanyar makarantar allo ba yake tuƙi a garin nan.

Motar da yake ja tana da allo a gaba, da taswira a cikinsa. Ba ta buƙatar intanet, amma yadda aka zuba ta haka take zaune. In ana son sabuwa sai an kai motar wurin dillalanta an biya, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne. Ga shi a shekarun nan gadoji sun yi ta tsirowa a Alƙahira, hanyar da ka bi bara bana ta koma wani wuri.

Wata rana Baba ya same ni ya ce, "Ustaz Nasiru, taswirar motar nan ta tsufa. A taimaka a sabunta mini ita."

Na ce, "Baba, ai ga waya. Manhajar taswira kyauta ce, kullum sabuwa, har cunkoso take nunawa."

Ya ce, "Ni dai tawa nake so."

Na kai maganar wurin Hajiya Bilki, na ce a ganina ɓarnar kuɗi ce. Ta ce, "Wataƙila kana da gaskiya. Amma kada ka yanke daga kan kujera. Bi shi fita ɗaya, ka riƙe wayarka, shi ya kunna allonsa, ka dawo ka gaya mini abin da ka gani."

Fitar da ta faɗo mana ba ƙarama ba ce. Wata dattijuwa ce daga Gusau, Iya Rakiya, tare da 'yarta Malama Hauwa. Idon Iya na dama ya riga ya mutu, na hagu ake ƙoƙarin ceto. Likitan da zai yanke maganar aikin zai gan ta da azahar, da yamma kuma zai yi tafiyar makonni. In ta rasa ganinsa, sai jira, idon kuwa ba ya jira.

Muka ɗauke su da sauran lokaci a hannunmu. Zafin bazara ne, irin wanda kujerar mota ke ƙona mutum. Na jingina wayata a jikin gilashin gaba, Baba ya kunna allonsa. Sai muryoyin mata biyu suka cika motar da Larabci, wannan ta ce dama, waccan ta ce miƙe.

Iya daga baya ta ce, "Su wa kuka ɗauko mana?"

Malama Hauwa ta ce, "Na'ura ce, Iya, hanya take nunawa."

"To su biyu ne kuma ba su shirya ba? Allah ya kai mu lafiya."

Ba mu yi nisa ba wayata ta nuna ja a hanyar da Baba ya saba bi, ta ce mu hau wata sabuwar gada. Baba ya bi maganarta, ya hau. Muna hawa allon motar ya rikice. Titi ya ɓace a cikinsa, sai ga ɗigon motarmu yana yawo a kan fili fari, matar tana ta cewa mu juya, mu juya. Ta ƙasan gadar kuwa motoci ne a tsaye cak, zahma, kamar yadda Misirawa ke kiran cunkoso. Da can muka bi, da a can za mu yi azahar.

Na kalli Baba ina murmushi. Ya ce, "Na gani, Ustaz. Ba sai ka faɗa ba."

Murmushin bai daɗe ba. Muna dab da shiga Ma'adi wayata ta yi shiru. Na ɗauko ta, zafi kamar an cire ta daga murhu, ta rubuta cewa ta kashe kanta sai ta huce. Rana ce ta gasa ta a jikin gilashi. Wayar Malama Hauwa kuma layin gida ne a ciki, ba data. Asibitin sabo ne a wurinmu, ko Baba bai taɓa zuwa ba, kuma duk wanda ya san Ma'adi ya san titunanta: bishiyoyi iri ɗaya, shataletale iri ɗaya, lambobi a maimakon sunaye.

Malama Hauwa ta ce, "Malam Nasiru, za mu makara ne?"

Baba ya ce, "Ma'alish, ba komai, 'yata, kwantar da hankalinki. Ustaz, faɗa mini lambar titin."

Na faɗa, ya danna a allonsa. Da yake tsohuwar unguwa ce, ba a taɓa titunanta ba, sai ga hanya ta fito tsaf. Tsohuwar taswirar nan da na gama rainawa ita ta kai mu har ƙofar asibitin, ana kiran sallah.

Likita ya ga Iya, ya sa ranar aiki wurin abokin aikinsa da ya amince da shi, ya ce da an ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Malama Hauwa ta fito tana share hawaye tana godiya.

Muna zaune a ɗakin jira ana haɗa magunguna, wayata ta huce. Na miƙa wa Baba in nuna masa hanyar komawa. Ya karɓa, ya miƙe hannunsa can nesa, ya ƙanƙance ido, ya matso da ita, ya sake nisantawa. Ni ban kula ba. Iya Rakiya, mai rabin ido ɗaya, ita ta kula.

Ta ce, "Malam direba, tun yaushe?"

Ya ce, "Tun yaushe me, Iya?"

"Ni za ka ɓoye wa? Haka na riƙa yi da allura da zare, ina cewa hasken ɗakin ne bai isa ba. Na yi ta cewa gobe, ga inda goben ta kawo ni. Kana cikin asibitin ido. Tashi."

Baba ya sunkuyar da kai. Can ya ce da ni, a hankali, "Nesa ina gani tangaram, wallahi. Ƙananan rubutun nan ne suke gauraye mini. Allon mota manyan haruffa gare shi. Na ji tsoron in na faɗa, za a ce Usman ya tsufa, a karɓi makulli. Ina da iyali, Ustaz."

Iya ba ta jira ba. Ta ce da 'yarta, "Hauwa, kama hannuna mu raka shi, in ba haka ba zai gudu."

Haka aka yi. Dattijuwar da aka kawo a duba ita ta tasa direbanta a gaba har ɗakin gwaji. Aka auna shi, aka ce ganinsa na nesa lafiya lau, tabarau kawai yake buƙata saboda na kusa. Da ya fito, dariya yake yi kamar wanda aka sauke wa buhu daga ka.

Washegari, kafin in shiga wurin Hajiya, na kira dillalan motar na tambaye su abu ɗaya: sabuwar taswirar tana da gadar da muka hau jiya? Mutumin ya duba, ya ce gaskiya ba ta kai nan ba tukuna, sai ta gaba. Na gode masa.

Na gaya wa Hajiya Bilki komai, har da maganar ido, bayan Baba ya ba ni izini. Ta ce, "To me ka yanke?"

Na ce kada mu biya. A garin da hanya ke canzawa haka, taswirar da za a saya yau ta riga ta tsufa. A sayo abin maƙala waya a bakin iskar sanyi don kada rana ta sake gasa ta, da igiyar caji, da data kowane wata. Allon mota a bar shi a kunne, don ranar da waya za ta ba mu kunya. Tabarau kuma ofis ya ɗauka.

Ta ce, "Tamam, ya yi. Kuma ka gaya masa makulli na nan a hannunsa."

An yi wa Iya aiki, idon ya tsira. Baba ne ya kai su filin jirgi, ya dawo yana ba da labarin yadda ta riƙa karanto masa launin motoci a hanya.

Har gobe in aka tambaye ni ko a biya kuɗin sabunta taswirar mota, amsata ga mai tuƙi a cikin gari ita ce waya ta wadatar, in ka kare ta daga rana. Mai yawan bin hanyar da ba sabis, lissafinsa dabam ne. Amma abin da nake so ku riƙe ya wuce na'ura. A aikin nan, direba ko mara lafiya zai zo muku da buƙatar da za ku ga ba ta da ma'ana. Sau da yawa abin da ya roƙa ba shi ne ke damunsa ba, shi ne dai abin da bakinsa ya iya faɗa. Kafin ku ce a'a, ku tashi ku shiga motar tare da shi.