Baba Shu'aibu, Heluman da Ya Bar Yatsansa a Rini Domin Namu Ya Fita

Tun ranar da aka kira ni ofis aka ce ni zan gaji Baba Shu'aibu a sashen rini, tsoro bai bar zuciyata ba. Gangunan rini ba su dame ni ba, domin diflomata a kan sinadarai na yi ta. Abin da yake hana ni sukuni shi ne zaɓe yana matsowa, kuma akwai wata al'ada da dattijon nan ya ɗauka a kafaɗarsa tun dawowar mulkin farar hula, wadda ba ta cikin sharuɗɗan aikin kowa. Ina fargabar ta mutu a hannuna.

Ga wanda bai san shi ba, Baba Shu'aibu shi ne heluman sashen rini a wani kamfanin jima da ke Challawa. Bayan sallar asuba yake tasowa daga Panshekara a kan tsohon kekensa. Ya jingine shi a rumfar Indo mai kunu da ƙosai a bakin ƙofa, ya sha kununsa a tsaye, ya shiga. Idan ganga ta gama juyawa, shi ne zai tuɓe safar hannu, ya ciro fata, ya murza ta tsakanin babban yatsa da manuni, ya ji ko rini ya ratsa. Safa ba ta jin fata, in ji shi. Masu kwashe fatun ma ba su tsira ba, domin tasu safar ba ta daɗewa take yagewa. Saboda haka ko a masallaci za ka gane ɗan sashen rini: gindin faratansa baƙi ne mai shuɗi-shuɗi, kuma ba ya fita sai mutum ya yi kwanaki bai taɓa ganga ba.

Wannan launi kuwa ba shi da maraba da tawadar da ake shafa wa wanda ya riga ya jefa ƙuri'a.

Indo ce ta ba ni labarin mafarin abin, domin a gabanta aka yi. A wani zaɓe na can baya, Sule, ɗaya daga cikin masu rini, ya shiga layi da katinsa. Ya ɗaga hannu zai share gumi ke nan, wani a bayansa ya ƙwala ihu: "Wannan ya yi! Ku dubi yatsansa!" Kafin ya buɗe baki an yage masa riga.

"Wallahi ɗana," in ji Indo, "da Sule bai koma gida da haƙoransa ba. Sai ga Baba ya faɗo tsakiya, ya ɗaga hannayensa biyu sama, ya ce, 'To ni sau goma ke nan na yi?' Aka kwashe da dariya, aka saki bawan Allah."

An sake shi, amma malaman zaɓe sun kasa bambanta rini da tawada, kuma ba a ga laifinsu ba. Ranar babu ɗan sashen rini ko ɗaya da ya dangwala.

Daga wannan shekara Baba ya kafa al'adarsa. Idan zaɓe ya rage kamar mako biyu, sai ya shiga wurin manaja ya nemi izinin musanya: duk mai katin zaɓe ya koma filin shanya, inda ba a taɓa rini, 'yan'uwanmu 'yan Nijar da ke shanya, waɗanda ba su da ƙuri'a a nan, su zo kan ganga. Manajoji sun sauya, wani ya amince da murmushi, wani sai da aka kai ruwa rana. Amma musanyar tana da giɓi ɗaya. 'Yan Nijar cin rani suke zuwa, babu wanda yake daɗewa har ya iya jin fata. Dole wani ya tsaya ya murza. Baba ya tsaya. Katinsa yana nan a aljihun rigarsa ta Juma'a, bai taɓa kai shi rumfar zaɓe ba.

Mai son karanta tarihin mazaɓarmu ta tarayya, ya zo ya dubi bangon kamfaninmu. Hoto a kan hoto ne, idan ka ɓare ɗaya sai ka ga wata hula da wata jam'iyya a ƙarƙashinsa. Mu Kanawa ba a daɗewa ana sa mana riga ɗaya. Wani wakilin an mai da shi majalisa, wani an dawo da shi gida ya huta. A cikin kowane sakamako da aka karanta a rediyo akwai yatsun sashen rini, kuma ba wuri ɗaya suka faɗa ba, domin yaran Baba da kansu a rumfar Indo suke ta musun siyasa. Wani jami'in wata jam'iyya ya taɓa tare shi a nan ya ce, "Baba, tun da kai kake fito da su, ka kawo mana su mana." Baba ya ajiye kofin kunu ya ce, "Alhaji, ni yatsa nake wankewa. Inda zai faɗa, mai shi ya sani."

Baba, ku ne bangon da muka jingina ba mu sani ba. Ku ne kuka tsaya a gindin ganga ranar Asabar ɗin da kowa yake layi, kuna jin hayaniyar rumfar zaɓe daga nesa, ba ku taɓa yi wa kowa gori ba.

Makon jiya na same shi a bayan ganga na faɗa masa abin da ke damuna. Na ce, "Baba, ga na'urar tantance masu zaɓe ta zo yanzu, tana duba fuska. Ko al'adar ta gama aikinta?"

Ya ce, "Musbahu, layi yana ganin hannunka kafin na'ura ta ga fuskarka."

Na ce, "To ni zan tsaya a kan ganga ke nan? Ban taɓa fashin zaɓe ba, amma idan haka ne..."

Bai bari na ƙarasa ba. Ya ƙwala wa Idi kira, wani mutumin Damagaram da ya zo cin rani ya yi aure a Dorayi ya zauna. Ya miƙa masa fata. Idi ya murza, ya ce, "Ba ta ƙoshi ba, a ƙara mata juyi." Na yanki gefenta na kai ɗakin gwaji, aka sami abin da ya faɗa. Ashe shekarun nan na baya Baba yana koya masa a hankali, domin kada wani heluma ya sake rasa ƙuri'arsa.

Idi ya dube ni yana dariya: "Ɗan boko, je ka yi zaɓenka. Idan namu ya zo, kai za ka riƙe mini ganga in tafi gida."

Ban san lokacin da na zauna a kan tarin fatu ba. Tsoron da na ɗauko tun ranar da aka kira ni ofis, a nan ya sake ni.

Mun gode, Baba. Allah Ya saka muku da alheri, Ya sa hutun nan ya zama na lafiya. Ina kuma roƙon helumomin Sharada da Bompai, masu marina da masu fenti da masu buga leda, su dubi hannayen yaransu tun kafin ranar zaɓe. Abu ne da ba ya bukatar komai sai lura da ƙarfin halin shiga ofis.

Wannan ƙarfin halin na gwada shekaranjiya a walimar sallamarsa. Na miƙe a gaban manaja na ce daga ranar Litinin duk mai kati zai koma filin shanya, kamar yadda aka saba. Manaja ya dubi Baba, ya dube ni, ya gyaɗa kai.

Indo ta rangaɗa guɗa, sannan ta ce, "To kai fa, tsoho? Ko katin naka na ado ne?"

Baba ya ɗaga babban yatsansa, wanda gindin farcensa ya fara yin fari, ya juya shi kowa ya gani.

"Bana ni ne na farko a layi," in ji shi. "Kuma kada wanda ya tambaye ni wa zan zaɓa."