Injin da Ya Wanke Tsamin Kunun Gwaggo

Zan iya manta abubuwa da yawa na zamana a London, amma ban da abin da ya faru sanda na ƙera wa Gwaggo injin wanke jarka.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, a wani flat na gidan bene take a unguwar Whitechapel. Duk suna ko walimar da Hausawa za su yi a yankin, kunun zaƙinta ake jira. Kwatsam ciwon gaɓoɓi ya kama mata hannuwa. Jarkokin zuba kunun nan masu ƙaramin baki, da tsakuwa da sabulu take jijjiga su, sai ya zamana ko ɗaya ba ta iya ɗagawa. 'Yarta ta kafe lallai ta daina. Ita kuwa kunun nan ne ke kawo mata mutane gida, in ya tafi daga ita sai bango.

Ni fa tun ina yaro ba rediyon da ke kwana lafiya a hannuna. Na sayo ɗan famfon tankin kifi, na tsayar da bututun roba a cikin bokiti, na huhhuda shi da ƙusa mai zafi. Ka kifa jarka a kai, ka kunna, ruwa ya yi ta feshi a ciki. Gwajin farko silin muka wanke.

"Kai, ɗan nan! Da council masu gidan nan za ka haɗa ni?" in ji Gwaggo, tana goge fuska.

Da na gyara, jarkoki suka fito fes. Don murna har tsohuwar robar da take kwanar da ƙullu ta miƙo mini, wadda ta taho da ita daga Kano. Muka yi mata wankan ruwan zafi.

To, sai kunu ya ƙi tsami. Salam! Ta canja gero, ta zargi ruwan London, ta matsar da robar kusa da hita, shiru. 'Yarta ta ce da Turancinta ai dama lokacin dainawa ya yi. Wallahi Gwaggo ta ba ni tausayi.

Abin ya tsaya mini a rai. Me injina ya wanke? Na leƙa kicin ina neman abin da bai taɓa ba, sai ga tsohuwar muciyarta da ta jingine tun da hannun ya matsa mata, duk ta tsattsage. Na ce, "Gwaggo, mu raba ƙullun biyu, ki juya ɗaya da wannan, ɗaya da sabon cokali."

Washegari na muciya ya taso, ƙamshin tsami har bakin ƙofa. Ashe tsamin a jikin tsofaffin kayan yake zaune, ita kanta ba ta sani ba. Ta kurɓa, idonta ya ciko.

"Muciyar Inna ce," ta ce. "Ashe duk shekarun nan ita ke dama mini."

Har yau tana kununta. Ni kuwa daga ranar na gane ba duk abin da ya manne a tsohon kaya ne datti ba, kuma kafin in goge abin wani, sai na tambayi wa ya bar masa.