Falmaran ɗin Keke da Shanyar Shinkafa

Na daɗe da yanke hukunci cewa tun ranar da ɗan Adam ya fara rufe jikinsa da ganye har zuwa yau, babu wata hikima ta sutura da ta kai ta mutumin da ya fara ɗinka riga ya ƙi sa mata hannu. Masu gina birane da masu tare koguna sun samu rabonsu na yabo a littattafan da na koyar. Shi kuwa wannan bawan Allah ko sunansa ba a ajiye ba.

Shekara da shekaru ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare ta wajen Kura, ina kwana a ƙauyenmu ta ɓangaren Bunkure, kuma a keke nake zuwa, ta kan gaɓar kanal. Wanda bai taɓa bin wannan hanya a farkon damina ba zai ɗauka zafi zafi ne kawai. Ba haka ba ne. Da sassafe iskar da ke tasowa daga kan ruwa da gonakin shinkafa ƙirji take nema, kamar an aiko ta. Kafin ƙarfe goma kuma rana ta fito da fushinta. Na gwada babbar riga, kacar keke ta ci mini gefenta. Na gwada rigar sanyi mai hannu, na isa aji kamar wanda aka tsamo daga rijiya.

A wajen wani mai gwanjo na same ta ran kasuwa. Falmaran ce mara nauyi, shuɗiya, mai zif a gaba, yadinta kamar na lema. Tana tare iska a ƙirji, tana barin hannuwa su sha iska, in rana ta ɗaga kuma sai in naɗe ta ta shige aljihun kaftani kamar hankici. Ba kullum nake sa ta ba. Ina fitowa ƙofar gida sai in tsaya in saurari ƙirjina. In ya ce akwai danshi a iska, in zura ta. In bai ce komai ba, ta yi tafiyarta a aljihu.

A daidai inda hanyar kanal ta haɗu da titi akwai filin da ake shanya shinkafa. A nan wani abokina yake sana'arsa. Tare muka yi firamare, benci ɗaya, ni na bi alli shi ya bi buhu. Yakan sayi shinkafa da ɓawonta, matan gidansa su turara, shi ya baza a tampol ta bushe kafin a kai injin casa. Turararriyar shinkafa ba ta da haƙuri. In aka bar ta a tare sai ta yi tsami, in ruwan sama ya same ta a shanya sai ta farfashe a inji, ta koma abincin kaji.

Ranar da ya fara ganina da falmaran, sai da ya ajiye manjagara.

"Malam, telan nan naka a kai shi ƙara. Ya cinye maka hannuwa biyu!"

"Hannuwan nawa ba su yi ƙorafi ba," na ce.

"To ko albashin ne bai kai hannu ba?"

Haka ya yi ta yi mini har kusan mako uku. Sai wata safiya na lura ya daina dariya. Yana hango ni daga nesa sai ya kare ido da tafin hannu, ba fuskata yake kallo ba, ƙirjina. Da na matsa masa, sai ya ce ya lura duk ranar da na wuce da ita, kafin la'asar sai an yi ruwa ko yayyafi. Ranar da na wuce babu ita, rana ce har magariba.

"Kai ne mai karanta gajimare a littafi," ya ce. "Mu kuma sai mu karanta ka."

Na yi masa bayanin danshin iska daidai yadda nake yi wa 'yan aji uku. Ya saurara da ladabi, sannan ya ce shi dai launin rigar ya fi masa saukin ganewa.

Ranar da nake son ba da labarinta Talata ce. Gari ya waye tas, sama kamar an wanke kwano an kife. Masu shanya duk sun baza tampol tun kafin in iso. Abokina yana tsaye kan tulin shinkafa mafi yawa da na taɓa gani a hannunsa, wadda aka kwashe daga tukunya a safiyar, tana ta tururi. Duk jarinsa na kakar rani ke nan a wuri guda. Ya ɗaga manjagara zai fara bazawa, sai ya hango ni. Ina sanye da falmaran, zif har wuya.

Ya dubi sama. Ya dube ni.

"Malam, yau ma?"

"Ina kwana," na ce, na ƙara taka feda.

Da na waiwaya sai na ga yana jan shinkafar zuwa ƙarƙashin wata rumfar kwano, inda ba za ta samu ko rabin filin da take bukata ba. Maƙwabcinsa a filin, wani dattijo mai baki kamar reza, yana ɗaga murya don kowa ya ji.

"Jama'a, ku zo ku ga mai gudun ruwa a tsakar rana! Rigar da ba ta da hannu ita za ta nuna maka hanya?"

A makaranta ban cire ta ba. Na koyar da darasi uku a cikinta, gumi yana bin bayana kamar an buɗe ƙofar kanal. Wata malama ta tambaye ni ko zazzaɓi nake yi, na ce lafiyata ƙalau. Kowane minti kaɗan sai in leƙa taga. Babu ko ɗigon gajimare. Na san abin da ke faruwa a ƙarƙashin rumfar nan: mutum yana juya jiƙaƙƙiyar shinkafa da hannu, yana sunsunawa ko ta fara tsami, rana mai kyau tana wucewa a banza saboda ya yarda da ni. Da azahar na yi addu'ar da malamin labarin ƙasa bai kamata a ji shi yana yi ba a ranar da jama'a suka yi shanya.

Wajen ƙarfe biyu gabas ta haɗe rai. Iska ta fara kwashe takardu daga tebur. Kafin a tashi makaranta an tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Sai da ya tsagaita na kama hanya. Ba zan ɓoye ba, falmaran ba ta hana ni jiƙewa ba, hannuwana har ɗiga suke. Amma ƙirjina a bushe yake, kuma ƙirji shi ne majalisar jiki. A filin shanya na tarar da mutane suna kwasar shinkafa daga cikin taɓo, har da dattijon nan mai baki kamar reza. Abokina yana zaune a rumfarsa, ko ɗigo bai taɓa hajarsa ba. Washegari rana ta fito, shinkafar ta bushe sarai.

"Malam," ya ce, "ashe hannuwan a sama ka ajiye su."

Tun daga ranar babu mai baza tampol a filin sai na wuce. Saboda haka in wani ya tambaye ni ko irin wannan riga ta cancanci a saya, ina amsawa ba tare da tsoron kowane malami ba: ta cancanta, kuma ina da shaidu fili guda.

A safiyar Talatar nan na bar dutsen guga a bayan kaftanina ina karatu, ya ƙona shi daidai faɗin tafin hannu, ɗayan kaftanin kuma yana wajen wanki, sai na zura falmaran ta rufe ƙunar.