Kofur, Zomon Dawuda

Saloma a nan Zuru ta tsufa, bayan bariki, tana tuyar ƙosai. Ɗanta guda ne, Dawuda, shi ma soja ya shiga kamar ubansa. Da zai tafi gabas ya kawo mata zomaye biyu, ya ce, "Mama, ki riƙa yi musu faɗa kafin in dawo." To, bai dawo ba. Kayansa anka kawo.

Zomayen nan sunka yi ta haihuwa har keji ya cika. Farin namijin kuwa, Kofur take ce masa. Kullum da safe sai ta tsinko ganyen dankali, ta durƙusa tana ba shi labarin unguwa.

Shekarar da ciwo ya shigo wa zomaye, anka ce a Danko lafiyayye sai ya yi ƙara ya faɗi, jini a hanci. Malamin dabbobi ya zo da allurar riga-kafi. Saloma da kanta ta riƙe Kofur, ta kau da fuska. Malamin ya ce, "Baba, allurar ba yau take kama jiki ba. Kar ki haɗa su da na wani gida tukuna."

Sai ga maƙwabciyarta Gladys, Maman Glory, da kwando, ta zo aron namiji. Mu nan kuwa namijin zomo ba a hana aronsa, abin kunya ne. Balle Gladys, wadda ta zauna mata makokin Dawuda har anka watse.

Gladys ta ce, "Yaya, ki ba ni angon naki, matan gidana sun gaji da jira."

Saloma ta yi dariya. Ta ce a ranta, ai an yi masa allura. Ta sa Kofur a kwando.

Ashe akwai sabuwar zomanya gidan Gladys, daga kasuwa, ɗauke da ciwon. Kofur ya dawo ya ƙi ganye. Kafin Lahadi ta zagayo keji ya zama wayam, shi ya fara tafiya.

Gladys ta zo tana kuka. Saloma ta ce, "Tashi, Maman Glory, ai naki ma sun ƙare."

Ba ta bari an jefar da Kofur ba. Tsohuwar rigar Dawuda ta ɗauko ta naɗe shi, ta binne gindin mangwaro. Kukan da ta yi ranar, wallahi ko da anka kawo kayan yaron ban ji ta yi irinsa ba.