Ungozomar da Ta Fitar da Firij

Kullum da asuba nakan ga ungozomar gidan hayarmu tana naɗe wayar cajin motarta a hannu kamar igiyar guga. 'Yar ƙaramar mota ce mai aiki da lantarki. Ta taga take zuro wayar daga ɗakinta. Ni mai walda ne, ɗakina yana kallon nata.

Shekaru ta yi tana tsayuwa a bakin titi tana jiran abin hawa, mai naƙuda kuma tana can tana jiranta. Tun da ta sayi motar nan ba ta ƙara roƙon kowa ya kai ta ba.

Matsalar ita ce wayoyin wutar gidan sun tsufa. In mota da firij ɗinta suka ja wuta tare, sai wutar gidan duka ta ɗauke.

Mai gidan ya zo yana huci. "Hajiya, wannan motar taki mai kama da akwatin ashana za ta ƙone mini gida. Ki sayar da ita!"

"Baba, me mai gyaran wuta ya ce?"

"Ya ce layinki ba zai ɗauki biyu ba."

"To, ɗaya zai ɗauka ke nan."

Ta leƙo ɗakina. "Ƙanena, zo ka kama mini."

Muka ciccibo firij ɗin muka dire a ƙofar mai gidan.

"Ga shi, ka sha ruwan sanyi," in ji ta. "Ni randa ta ishe ni."

Ta shiga motarta, ta ja ta fita ba ko ƙara.