Gaisuwar Baba a Rumbun Kamfani

Wata ranar Litinin na buɗe kwamfutar ofis na ga lambar aikin mahaifina a cikin abubuwan da manhajarmu za ta goge ranar Juma'a. Ita manhajar ba ta san mahaifina ba ne. Abin da ta rubuta kawai shi ne tsohon ma'aikaci, saƙonnin murya, wa'adin ajiya ya cika. Na ture kofin shayina gefe.

Kamfaninmu yana Gwale, muna rarraba sukari da shinkafa da man gyaɗa da sabulu ga kantunan cikin gari. Baba shi ne mai kula da sito tun ina firamare. Ni kuma bayan na gama karatun kwamfuta Alhaji mai kamfanin ya ɗauke ni, ya damƙa mini duk abin da ke da allo da maɓalli, har da injin lissafi idan batirinsa ya mutu. Baba ajami ya iya, boko kuwa sai da ƙyar. Don haka da aka koma aiki da waya, kowace safiya yakan aika wa Manaja saƙon murya ta layin kamfani, ya faɗi abin da ya shigo sito da abin da ya fita. Shekaru ya yi yana haka har ciwo ya kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa.

Lokacin da na kama aiki, kamfanin ba ya zubar da komai. Hotunan katin shaidar direbobi, lambobin wayar masu kantuna, takardun asibitin ma'aikata, duk suna jibge a rumbun kwamfuta kamar ɗakin tsohuwa, kuma kowa yana iya buɗewa. Sai da wani yaron ofis ya bar aiki ya tafi da lambobin abokan cinikinmu gaba ɗaya, sannan Alhaji ya yarda aka sayo manhajar da ke tsara wanda zai ga me, da kuma ranar da kowane abu zai bar rumbun. Amma waɗanda suka ƙera ta takardu da wasiƙun ofis suka sani, mu kuwa rabin cinikinmu da baki ake yin sa. Ni na matsa wa injiniyoyinsu lamba wata da watanni har suka koya mata gane saƙon murya. Ni na sa ta riƙa rubuta sunan duk wanda ya buɗe abu ko ya kwafa. Ni kuma na dage cewa shekara uku bayan mutum ya bar aiki a goge nasa, kuma ba mai dakatar da gogewar sai Manaja da Alhaji sun amince su biyu, kowa ta wayarsa. Har yau ina ganin daidai na yi. Sirrin mutane ba kayan ado ba ne da za a ajiye har abada.

Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne Baba ba ya son hoto, balle bidiyo. Ko a biki aka ɗaga waya sai ya juya baya ya shiga gyaran hula. Wayarsa kuwa ƙaninsa ta faɗa wa a rabon gado, ya kai kasuwa aka wanke ta tas kafin wani ya farga. Muryarsa ba ta rage a ko'ina a duniya ba sai a rumbun nan. Ni 'yar fari ce, tsakanina da shi akwai kunya, bai taɓa kiran sunana ba kuma hirarmu ba ta da tsawo. Na daɗe da sanin saƙonnin suna nan, ban taɓa buɗewa ba. Ba ni da izini, kuma ko da ina da shi, ina tsoron abin da jin muryar zai yi mini. Sanin tana nan ɗin ma ya ishe ni.

Da yamma na koma gida Yakasai na tarar da Umma tana tsince wake a tsakar gida. Ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Ke kuma lafiya? Kin shigo kamar an koro ki."

Na ce mata aiki ne ya yi yawa. Ban iya gaya mata ba, don ba ta ma san akwai muryar ba. In na faɗa mata sannan abin ya salwanta ranar Juma'a, na yi mata rashi biyu ke nan.

Akwai filashi a jakata, 'yar na'urar nan ta kwafar bayanai, kuma shaiɗan bai bar ni na manta da shi ba. Cikin ɗan lokaci zan kwashe komai. Amma manhajar za ta rubuta sunana, kuma ni ce na tsaya a gaban ma'aikata na ce duk wanda ya kwafi abin kamfani ya nemi wani aikin. Ko da ba ta rubuta ba ma, ni na sani. Na ciro filashin na mayar ya fi a ƙirga.

Washegari na yi ta maza na shiga ofishin Manaja. Shigar ba ta yi mini sauƙi ba, don bara ya roƙe ni in bar masa wasu tsofaffin saƙonninsa na ƙi, har na ɗora masa da wa'azi a gaban sakatariya. Tun ranar yake kirana Hajiyar shara.

"A'a, Hajiyar shara da kanta? Yau kuma me za a share mana?"

"Yallaɓai, alfarma nake nema."

Ya cire tabarau ya jingina da kujera, ya bar ni na yi bayani har ƙarshe. Sannan ya ce, "Malama, ba ke kika ce doka ba ta da ɗan gida ba?"

"Ni na faɗa."

"To kin san abin da ke cikin saƙonnin nan? Sunan direban da Malam mahaifinki ya kama yana zuƙar mai. Mai kantin da ya dawo da kaya don iyalinsa ba lafiya. Mutanen nan suna raye, wasu ma unguwarku suke. In ba ki wannan ki kai gida?"

Da bakina yake magana. Na ji haushinsa, na ji haushin kaina, na miƙe zan fita kafin hawaye su kunyata ni. Har na kama ƙofa ya ce in dawo.

Ya juya tabarau a hannu. Can ya ce, "Kin san Malam bai taɓa fara maganar kaya kai tsaye ba? Sai ya yi sallama, ya tambayi kwana, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya yi addu'a, sannan ya ce buhu kaza ya shigo. Ni kuwa ina sauri, kullum sai in ja saƙon gaba in tsallake gaisuwar. Allah ya yafe mini." Ya share fuska da tafin hannu. "Gaisuwa ba sirrin kowa ba ce, kuma ba kayan kamfani ba ce. A dakatar da gogewar, ki zauna a gabana ki yanke gaisuwar ki ɗauka, sauran ya tafi. Na danna nawa. Saura Alhaji."

Alhaji kuwa ya tafi ta'aziyya wani ƙauye inda babu sabis. Na kira har na haddace muryar matar nan mai cewa ba a samun lambar. Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce. Duk sanda na buɗe kwamfuta sai na ga layin Baba ya sauya launi, daga ruwan ɗorawa ya koma ja. Na kira injiniyoyin ko akwai wata ƙofar baya, suka tuna mini cikin ladabi cewa ni na ce a toshe ta. Abinci ya daina shiga. Umma ta dafa mini kunun tsamiya tana zaton zazzaɓi ne.

Da ƙarfe biyun rana manhajar ke yin gogewarta kowace Juma'a, don ni na zaɓi lokacin da ofis ba kowa. Ranar Juma'ar da hantsi aka ce Alhaji ya dawo. Na tari adaidaita sahu zuwa gidansa a Zaitawa, muka maƙale a lungu bayan wata motar yashi, na sauka na ƙarasa da ƙafa ina riƙe da mayafi. Hajiya matarsa ta shigar da ni falo. Alhaji ya fito yana naɗa rawani, ƙamshin turare ya riga shi, yana shirin masallaci.

"'Yata, lafiya da rana haka?"

Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa a gurguje. Ya ce, "Allah ya jiƙan Malam. Ai wannan ba abin roƙo ba ne. Ina zan danna?"

Ya miƙo wayar, ta nemi lambar sirri. Ya dubi rufin ɗaki, ya gwada ɗaya ta ƙi, ya gwada wata ta ƙi. Na san in ya kuskure ta uku za ta kulle shi sai washegari, don wannan ma ni na nema. Na ce, "Alhaji, don girman Allah a tsaya tukuna." Lasifikar masallacin unguwa ta fara gyaran murya.

Sai Hajiya ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu ta ce, "Wai lambar nan ce? Ai ni ya ba wa ajiya tun ranar da aka yi ta." Ta karanto ta da ka, a gabana, ni da na tara ma'aikata na yi musu lacca kan kada mutum ya gaya wa ko matarsa. Na haɗiye laccata na ce Allah ya saka da alheri. Layin Baba ya koma fari.

Satin da ya biyo baya na zauna a ofishin Manaja da abin sauraro a kunne, ina yanke kowane saƙo daidai inda Baba zai ce, "To, maganar kaya." Rannan na fara jin muryar, kuma na yi kuka ba kaɗan ba, Manaja ya yi kamar yana duba takardu. Ashe Baba yana da dariya a murya idan yana tambayar sanyi. Ashe ran da aka yi ruwa sai ya ce, "Ya muka ji da ni'ima?" Da na gama, Manaja da Alhaji suka janye dakatarwar, sauran saƙonnin suka tafi a Juma'ar da ta zo, direba da mai kanti da buhunan sukari duka. Ban yi baƙin cikin tafiyarsu ba.

Ranar Asabar da safe na samu Umma a kan tabarma ta idar da walha, carbi a hannunta. Na zauna kusa da ita na ce akwai abin da na kawo mata daga ofis. Ban san yadda zan yi mata bayanin rumbu da wa'adi ba, sai kawai na ajiye wayata a kan tabarmar na danna.

"Salamu alaikum. An tashi lafiya? Ya kwanan iyali? Ya gajiyar jiya?"

Carbin ya tsaya a hannunta. Ba ta dube ni ba, ba ta tambaye ni daga ina ba. Ta kai hannu ta gyara ɗankwalinta, ta ja mayafi ta rufe kafaɗa kamar yadda takan yi in ta ji takunsa a zaure, ta sunkuyar da kai.

"Wa alaikumus salam," in ji ta. "Lafiya lau, Malam. Duk muna lafiya."